Wasan Hawa Dakali, da Abin da Gwiwa Ta ke Ɗauka Cikinsa

Cikin wasannin motsa jiki da Turawa suka ƙago akwai wani wanda su ke kira sitef, watau taki ko matakala. Mu nan za mu kira shi wasan hawa dakali, gama ba kome ba ne illa mutum ya sami ɗan gajeren dakali na roba ko na katako, ya riƙa hawa yana sauka bisa kiɗa, har numfashinsa ya ɗaga, gumi ya keto masa. Wanda ya tsaya daga nesa yana kallo sai ya ce, ai wannan wasan yara ne, ina abin jin ciwo a ciki? Tambayar nan ce ta sa muka ga ya kamata mu yi nazarinsa, tun da ya ke yawancinmu gobe za a danƙa mana yara a ce mu fita da su fili, ba kuwa wasan da ya kai wannan sauƙin shiri. Ba ya son ƙwallo, ba ya son babban fili, benci ɗaya ya isa. Abin da ba shi da wuyar shiryawa kuwa shi a kan fi yi da ganganci.

Asalin wasan daga ƙasar Amurka ne. A cikin 1968 wani likita mai suna Kenneth Cooper ya fid da littafi a kan irin motsa jikin da ke ƙarfafa zuciya da huhu. Mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu, har ya zama a shekarun 1980 ko ina cikin biranensu a kan tara jama'a a ɗaki ana tsalle-tsalle bisa kiɗa. Tsallen nan ya jawo wa mutane da yawa ciwon ƙwauri da na gwiwa, har da masu koyarwa kansu. Cikinsu akwai wata mace, sunanta Gin Miller, a jihar Jojiya, wadda ta ji ciwo a gwiwa. Mai yi mata magani ya umurce ta da ta riƙa hawa wani akwati irin wanda a ke jera kwalaben madara tana sauka, don naman cinyarta ya yi ƙarfi ya tallafi gwiwar. Ta yi, ta ga amfaninsa, ta haɗa da kiɗa don kada ya gundure ta, sa'an nan ta kawo wa waɗanda ta ke koya wa. Wajen 1990 kamfanin takalma na Reebok ya ɗauki abin ya baza shi duniya, waɗansu masana biyu kuma na San Diyego, Peter Francis da Lorna Francis, suka yi awon motsin, aka tsara masa ƙa'idodi.

To, ga abin lura. Wasan da aka fara shi don gyaran gwiwa, shi ne kuma ya kan kai waɗansu wurin likita suna ɗingishi. Wasa ɗaya, suna ɗaya. Bambancin yana ga tsawon dakali, da saurin kiɗa, da yadda a ke aza ƙafa. Amma ba za mu gane wannan ba sai mun fara duba yadda Allah ya gina gwiwa.

Gwiwa mahaɗa ce ta ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Bakin ko wane ɗaya an shafe shi da guringuntsi mai santsi, tsakaninsu kuma akwai waɗansu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, aikinsu kamar na gammo ne tsakanin kai da tulu, suna raba nauyi don kada ya taru wuri guda. Daga gaba ga ƙoƙon gwiwa. Shi wannan ba a kafe ya ke ba, yana cikin jijiyar da ta taso daga babban naman gaban cinya ta sauka ta kama ƙwauri, yana kai da kawowa cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya.

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a tsohuwar rijiya ya san itacen da a ke gicciyawa a bakinta, ya kuma ga yadda igiyar guga ta sassaƙa masa gurabu. In mai ja ya tsaya daidai bisa bakin rijiya, igiya tana miƙe, da ƙyar ta ke shafar itacen. In ya ja da baya ya sunkuyar da hannu, igiya ta lanƙwasa bisa itacen, sai ta danne shi da ƙarfi, ko da ya ke ruwan da ke cikin guga bai ƙaru da ko ɗigo ba. Haka jijiyar cinya ta ke bisa gwiwa. Sa'ad da ƙafa ta ke kusa da miƙewa, ƙoƙon yana zaune sakayau. Gwargwadon yadda gwiwa ta lanƙwasa da nauyi a kanta, gwargwadon yadda jijiya za ta matse ƙoƙon cikin kwarinsa. Har wa yau akwai dalili na biyu. Mai riƙe da bokitin ruwa kusa da jikinsa ya kan jima bai gaji ba, amma in ya miƙa hannu da shi nan da nan kafaɗa ta yi zafi. In gwiwa ta lanƙwasa ƙwarai, nauyin jiki ya kan koma can bayanta, nesa da mahaɗa, tilas naman cinya ya ƙara ja kafin ya ɗaga mutum. Ja ya ƙaru, lanƙwasa ta ƙaru, su biyu suka taru a kan ƙashi ɗaya wanda bai kai tafin hannu ba.

Masana sun yi lissafin wannan. A cikin 1972 waɗansu biyu, Reilly da Martens, suka nuna cewa matsin da ke bayan ƙoƙon gwiwa wajen rabin nauyin jiki ne in ana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya kan haura ninki 3 a kan matakala, ya wuce ninki 7 in aka yi tsugunno mai zurfi. Mu ɗauki saurayi mai nauyin kilo 60. Yana tafiya, kilo 30. Yana hawa matakala, wajen kilo 200. Ya tsuguna ƙasa zai miƙe, fiye da kilo 400. Mutumin bai sake ba, kusurwar gwiwa kaɗai ta sake.

Saboda haka ne masu tsara wasan suka yi dakalinsu gajere, wanda a ke iya ƙara masa tsawo a rage: inci 4, da 6, da 8, watau santimita 10, da 15, da 20, mai koyo kuwa ya fara daga na ƙasa. Suka ce kuma, in an aza ƙafa bisa dakali kada lanƙwasar gwiwa ta wuce digiri 90, watau yadda ta kan zama in mutum yana zaune kan kujera, abin da ya fi ma shi ne ta tsaya wajen digiri 60. Ka ga ashe ba a aunawa da dakali, da ƙafar mai hawa a ke awo. Inci 8 ga dogo kamar ba kome ba ne, ga gajeren yaro kuwa rabin tsugunno ne.

A nan ne mu ke ganin malamai sun fi shiga kuskure, kuma mun san inda kuskuren ya samo asali. Tun kafin a haifi wannan wasa akwai wani gwaji da Lucien Brouha da abokansa suka fid da a jami'ar Harbad cikin 1943, lokacin yaƙi, don auna ƙarfin zuciyar samari. A kan sa mutum ya hau dakali mai inci 20, sau 30 a minti, har minti 5, sa'an nan a ƙirga bugun jininsa a ga yadda ya ke komawa daidai. Gwajin ya shiga littattafan motsa jiki, malami ya karanta, ya dubi bencin aji ya ga ai kusan tsawonsu ɗaya, sai ya jera yara babba da ƙarami ya ce su hau. Alhali kuwa wancan gwaji ne na ƙarfafan samari, na minti 5, a kan yi shi ne lokaci lokaci, da yawa ma ba su kan iya kai shi ƙarshe ba. Mai da shi abin yi kullum safiya ga yaro ɗan shekara 11, wannan kamar a ɗauki jarrabawar ƙarshen shekara ne a ce ita ce darasin ko wace rana.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da mu masu koyar da lissafi ne. Taki na asali bugu 4 ne: dama ta hau, hagu ta hau, dama ta sauka, hagu ta sauka. In kiɗa yana bugu 120 a minti, an hau sau 30 ke nan, cikin rabin sa'a sau 900. A dakali mai santimita 20 mutum ya ɗaga jikinsa mita 180, kamar ya hau bene mai hawa 60, ya kuma sauko daga shi. Ɗan kuskuren da ba zai yi kome ba in an yi shi sau ɗaya, a nan sau 900 za a maimaita shi. Igiya ba da ja ɗaya ta ke sassaƙa itace ba.

Mun ce ya kuma sauko, kuma da gangan muka faɗa, gama mutane hawa su ke ganin aiki, saukowa kuwa suna ɗaukarta hutu. Ga zuciya da huhu haka ne. Ga gwiwa ba haka ba ne. A wani babban asibiti na birnin Balin a ƙasar Jamus an sa wa waɗansu mutane 5 gwiwar ƙarfe mai na'urar awo a ciki, aka auna nauyin da ke bi ta cikinta, aka buga sakamakon a 2010. Tafiya ta ba da wajen ninki 2.6 na nauyin jiki, hawa matakala wajen 3.2, saukowa kuwa wajen 3.5. Su dai dattawa ne masu gwiwar da aka sake, ba samari masu wasa ba, amma jerin ya isa abin tunani: sauka ita ce a gaba. Dalili kuwa shi ne, mai sauka naman cinyarsa yana aiki ne yana miƙewa, kamar mai sauke buhun gero daga kan jaki, yana riƙe da shi yana saki kaɗan kaɗan. In ya gaji ya saki gaba ɗaya, buhu ya faɗi tim. Haka mai wasa, in naman cinya ya gaji sai ya daina sauke jikinsa, ya riƙa yar da shi, abin da nama ya ƙi ɗauka kuwa sai ya faɗa kan gaɓa.

Wannan malami yana iya gane shi ko idonsa a rufe. A tsai da kiɗa na ɗan lokaci, a bar yara su ci gaba, a kasa kunne. Mai sauka da kyau ba a jin sawunsa sai kamar na kyanwa. Wanda a ke jin dim, dim, ko dai dakali ya yi masa tsawo, ko kiɗa ya yi masa sauri, ko ya gaji. Ko wanne ne cikin ukun, maganinsa yana hannun malami, ba tsawa ba ce.

Yadda ya kamata a sauka shi ne, ƙafa ta dira kusa da dakali, kada ta wuce misalin tsawon takalmi ɗaya, gaban tafi ya fara taɓa ƙasa, sa'an nan diddige ya biyo ya zauna, gwiwa tana ɗan sake, ba a ƙage ba. Wanda ya jefa ƙafa can baya, tilas ya tsaya a kan yatsu, jikinsa ya rinjaya gaba, agara ta miƙe kamar tsarkiyar baka da nauyi a kanta. Wanda kuma ya kusa amma ya ƙi sauke diddige, yana ta ɗage kamar mai tsallake ruwa, shi ma agararsa da jijiyar tafin ƙafarsa ba su sami hutu ko na ƙiftawar ido ba. Wajen hawa ma haka: tafi duka ya zauna a tsakiyar dakali. Diddigen da aka bari yana reto a baki, agara ce ke biyan bashinsa, in kuwa ƙafa ta zame sai targaɗe. Sauka ta gaba, watau mutum ya bar dakali a bayansa, ita ma masu tsara wasan sun hana, domin ta fi buga ƙasa da ƙarfi, ta fi lanƙwasa gwiwar da ta rage a sama.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai kada gwiwa ta kuskura ta wuce yatsun ƙafa. Tana da ƙamshin gaskiya, amma an riƙe ta fiye da kima. A 2003 waɗansu masana a jami'ar Memfis suka gwada masu tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, suka tare musu gwiwa don kada ta wuce yatsu. Nauyin gwiwa ya ragu kaɗan, na kwatangwalo kuwa ya ƙaru ninkin ba ninki, domin tilas mutum ya sunkuya gaba don kada ya faɗi. Abin da muka koya a nan shi ne, nauyi ba ya ɓacewa, ƙaura kawai ya ke yi. In ka kore shi daga gwiwa ta hanyar tilas, sai ka same shi a kwankwaso. Don haka mai hawa dakali ba daga ƙugu zai karye ba kamar mai ruku'u. Jiki duka ne zai ɗan rinjaya gaba tun daga idon sawu, baya a miƙe, ido yana ɗan leƙen dakali ba tare da an sunkuyar da kai ba.

Abin da ya fi cancanta malami ya sa wa ido, a ganinmu, ba wucewar gwiwa gaba ba ne, karkatarta ciki ne. A tsaya gaban yaro yana hawa. In gwiwarsa tana bin saitin yatsa na biyu, madalla. In kuwa tana faɗawa ciki kamar mai gwame duk sa'ad da ya aza nauyi, to, igiya ta bar gurbinta tana cin gefen itace, ƙoƙon yana gugar bango ɗaya na kwarinsa. Galibi laifin ba na gwiwa ba ne, naman gefen kwatangwalo ne ba shi da ƙarfin riƙe cinya. A rage masa dakali har ya iya hawa sosai, ƙarfin zai zo a hankali.

Mafi muni duka shi ne murɗawa. Gwiwa kamar ƙyaure ta ke, buɗewa da rufewa ta sani, juyi kaɗan ƙwarai ta ke jurewa. Cikin wasan akwai takun da a ke juyawa a fuskanci wani gefe. In ƙafa ta kafe bisa dakali, takalmi ya kama roba, gwiwa a lanƙwashe da nauyin jiki duka, sa'an nan mutum ya murɗa gangar jikinsa, to, gammon nan na ciki ne a ke niƙawa tsakanin ƙasusuwa biyu, yana iya yagewa nan take. Yawancinsa kuwa jini ba ya isa gare shi sosai, saboda haka ba ya haɗewa da kansa yadda fata ta ke yi. Dabara ita ce a juya ƙafa tun tana sama, a aza ta tana duban inda za a nufa.

Saurin kiɗa shi ke ɗaure waɗannan duka. An tsara bugu 118 zuwa 122 a minti ga yawancin mutane, gwanaye kuma kada su wuce wajen 128. In aka zarce, ba sauran lokacin da za a aza tafi duka, ko a sauke diddige, ko a juya ƙafa a sama, sai mutum ya koma tsalle, ga kuma dakali a gabansa. Mu da muka san gayya mun san abin da ganga ta ke yi wa saurayi, ya kan yi noman da ya fi ƙarfinsa, sai gobe ya ji a jikinsa. Amma makaɗin gayya yana ganin manoma, in sun jigata ya sassauta. Kiɗan na'ura ba shi da ido. Haka kuma a riƙa sake ƙafar da ke fara hawa misalin ko wane minti, takun da a ke nanatawa bisa ƙafa ɗaya kuma kada ya wuce sau 5 a jere. Riƙe ƙarfe a hannu don ƙarin wahala, mu ba mu ga abin da zai sa a ba yaro shi ba. A 2005 an auna dattawa masu ƙiba da ciwon gwiwa a Amurka, aka ga ko wace laba ɗaya da suka rage ta sauke wa gwiwa wajen laba 4 a ko wane taki. Mai ƙara wa kansa kaya ya tuna lissafin yana aiki ta wancan gefe ma.

Kada dai wani ya karanta wannan ya ce ashe gara a bar gwiwa ta huta. Guringuntsin bakin ƙashi ba shi da hanyar jini, abincinsa yana cikin ruwan gaɓa, yana kuwa shiga ne ta matsewa da saki, kamar soso cikin ƙwarya. Gaɓar da ba ta motsi yunwa ta ke ji, naman da ba ya aiki kuma ya kan rame ya bar ta ba mai tallafi. Sai dai guringuntsin nan ba shi da jijiyar jin zafi, yana iya cutuwa bai yi kuka ba, sai abin ya kai ga maƙwabtansa. Gwiwar nan kuwa ita za a durƙusa da ita sau da yawa ko wace rana har tsufa, duk wanda ya ga dattijo yana salla a zaune don ba ya iya zaman tahiya ya san darajarta.

Saura batun yaran da ke tsakiyar girma, 'yan wajen shekara 12 zuwa 15. A ƙasan ƙoƙon gwiwa akwai ɗan tudu a kan ƙwauri inda jijiyar cinya ta kama. A wannan shekaru wurin bai gama zama ƙashi ba, yawan ja ya kan sa ya kumbura ya yi zafi. Likitoci biyu, Osgood a Amurka da Schlatter a Suwizalan, ko wanne ya bayyana wannan ciwo a 1903, da sunansu a ke kiransa. Yaron da ya nuna wurin nan da yatsa ɗaya ya ce nan ke yi masa ciwo, ba ƙiwuya ya ke yi ba. A cire shi daga hawa da tsalle, a kai shi a duba. Ciwon nama na wanda ya yi aiki dabam ne: yana bazuwa cikin cinya duka biyu, ya kan fi tsanani bayan kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya wuce. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko gwiwa ta riƙa maƙalewa, ko ta saki mutum yana tafe, waɗannan ba a yi musu haƙuri, ba kuma aikin matsa da man zafi ba ne, na likita ne.

In za a fara wasan a makaranta, kafin a taɓa kiɗa sai a sa ko wane yaro ya aza ƙafa ɗaya bisa dakali ya tsaya, malami ya zaga ya dube su daga gefe. Wanda gwiwarsa ta taso ta kusa daidai da kwatangwalonsa, a mai da shi ga ƙaramin dakali. Kafinta yana iya yin iri uku daga katako mai kauri, faɗinsu ya ɗauki tafi duka har da saura, a aza su inda ba za su zame ba, ƙasa mai laushi ko daɓen katako ya fi siminti. Yaron da ko na inci 4 ya yi masa yawa, a ja masa layi a ƙasa ya yi takunsa a kai tare da 'yan'uwansa har ya iya.